Yawon Arba'in a Bakin Tafki

Saura 'yan kwanaki in yi arba'in Inna ta jefo min tambayar da ta hana ni sakat. Ta gama yi min wankan safe ke nan, jikina yana ta tururi, ina zaune a bakin gado ina kurɓar kunun kanwa ina yatsine fuska, sai ta ce, "Wai ni kam, gidan wa da wa za ki je yawon arba'in?"

Na yi kamar kunun ne ya ƙona min baki.

Inna mahaifiyata ce. Takanas ta taso daga Kano don ta yi min wankan jego, tunda ni ban samu zuwa gida haihuwa ba. A Dubai muke zaune, a unguwar Abu Hail, ɗaki da falo a saman bene. Maigidana yana aiki a wani sito a Al Quoz, inda ake ɗaure kayan 'yan kasuwarmu ana loda su a kwantena. Mun daɗe da aure kafin Allah ya ba mu yarinyar nan, har dangi sun gaji da tambaya sun koma yi mana kallon tausayi. Ba zan kira sunanta ba. 'Yar fari ce, ni kuma ba a Dubai aka yi min tarbiyya ba.

Tun ranar da Inna ta sauka ba ta ga abin yabo a gidan ba. Ta kunna min turaren wuta, wata na'ura da ke manne a rufin ɗaki ta kama ihu har mai gadi ya hawo a guje. Ta zuba dambun nama a faranti ta kai wa maƙwabciyarmu, matar ta buɗe ƙofa da sarƙa a maƙale, ta yi murmushi, ta girgiza kai, ta mayar ta rufe. Ranar suna kuwa maza suka yi addu'a a masallaci, mata 'yan ƙalilan suka leƙo, kowace tana duba agogo. Inna ta dafa abincin da zai ciyar da layinmu na gida, muka yi ta ɗumame har ya fita daga ranmu.

Don haka da ta yi tambayar nan na san ba amsa take nema ba. Ta ajiye tawul ta zauna ta fuskance ni.

"Macen da ba ta da ƙofar da za ta yi sallama ta nuna 'yarta, ba zama take yi ba, ajiye ta aka yi. Bizata na ƙarewa, ke da yarinyar nan ƙafata ƙafarku. Sai an yaye ta a ga abin da hali zai yi."

Na ce, "Haba Inna."

"Haba me? Ki faɗi ki mutu a ɗakin nan, mijinki yana can wajen kwalayensa, wa zai sani? Wa zai wanke ki?"

Wanda bai san Inna ba zai ce ai sai in ce ba zan je ba. Ni na san ta. Ba ta zagi, ba ta ɗaga murya, sai dai ta ce "shi ke nan, Allah ya ba da sa'a," mutum ya shekara yana jin abin a ƙirjinsa. Maigidana kuwa ba a maganarsa. Mutumin da tun da surukarsa ta zo yake cin abinci a tsaye a kicin don kada ta ga bakinsa yana motsi, shi ne zai yi musu da ita? Da maganar ta kai kunnensa cewa ya yi, "Duk yadda Inna ta gani daidai ne." Amma ina kallonsa kullum in ya dawo aiki, sai ya wanke hannu har gwiwar hannu kafin ya ɗauki yarinyar, ya yi ta yi mata surutu ƙasa-ƙasa kamar tana gane shi. Na kuma san matan da aka tafi da su da sunan sai an yi yaye. Takardun zama su mutu, wani cikin ko wata hidimar ta taso, miji ya koma baƙon da ake gani shekara-shekara.

Ni kuma Allah ya yi ni da saurin baki. Kafin in yi tunani na ji kaina ina cewa, "Ina da gidajen zuwa, Inna. Ranar Asabar zan kai ki ki gani da idonki."

Ta ce, "Allah ya kai mu."

Maigidana ya tare ni a kicin yana raɗa. "Waɗanne gidaje?"

Na ce, "Kai dai ka samo mota."

Gaskiyar magana, abin da nake da shi tabarmi ne.

Akwai wani lambu a wajen Al Nahda, ba nisa da mu sosai, da tafki a tsakiyarsa. Ba tafkin Allah da Annabi ba ne, haƙa shi aka yi aka zuba ruwa, aka kewaye shi da hanyar masu motsa jiki, aka shuka ciyawa da itatuwa. Da zafi ba mai zuwa sai wanda ya gaji da ransa. Amma sanyi na shigowa sai garin ya zazzago can. Duk wanda ke cunkushe a ɗaki ɗaya da iyalinsa sai ya naɗo tabarma da fulas da kuloli ya zo ya miƙe ƙafa. Fararen tsuntsayen teku su ma su zo su cika bakin ruwan, tunda teku ba nisa. Jiragen sama kuma suna ta wucewa ƙasa-ƙasa, har mutum ya saba ya daina ɗaga kai.

A shekarun da ba ni da ɗa ba ni da aikin fita, wannan lambun ne ya riƙe min hankalina. Duk Asabar da la'asar muna can, ƙarƙashin wata bishiya, maigidana ya kishingiɗa ya yi barcin gajiyar mako, ni kuma in yi ta kallon mutane. A hankali na gane kowa da wurinsa, ba a rubuta ba amma ba mai zauna wa wani. Daga dama akwai wata 'yar Ghana, Bahaushiyar Zango, mai aikin gyaran ɗakuna a otal, ita da ƙawayenta. Gaba kaɗan wasu 'yan Indiya Musulmi, matar nas ce. Can kusa da ruwa kuma wata tsohuwa Basudaniya da 'yarta da jikoki, kowa Habboba yake ce mata, wato kaka a bakinsu. Tun ana ɗaga hannu, aka koma aiken yaro da faranti, har ya zama in na soya waina sai na ƙirga da su.

Akwai lokacin da na samu ciki ya zube. Na daɗe ban fita ba. Ranar da na koma, Habboba ta dubi fuskata, ta dubi cikina, ba ta tambaye ni komai ba. Ta matsa min a tabarmarta, ta zuba min gahawarsu mai citta, ta ɗora tafin hannunta a bayana, ba ta ɗauke ba sai da aka kira magariba. Larabcina na kasuwa ne, nata kuma na Sudan, ba kullum muke gane juna ba. Ranar dai ba mu buƙaci ko ɗaya ba.

To amma ban san gidan kowa a cikinsu ba. Lambar waya ma ta 'yar Ghanan kaɗai gare ni, na kira kuma ba ta ɗauka ba, tana bakin aiki. Tun da cikina ya tsufa ban leƙa lambun ba. In aka yi iska, ko wani ya yi baƙi, ko sun canja rana, sai in kai uwata in nuna mata ciyawa.

Ranar Asabar Inna ta yi shiri irin na gida. Ta sa ni na ci ado da atamfa ɗinkin suna, ta sa wa yarinyar kwalli, ta ƙulla cincin da dambun nama a 'yan ledoji, don ba a shiga gidan mutane hannu rabbana. Ita ma ta sha leshinta da babban mayafi. A mota tana ta kallon dogayen benaye tana jiran a tsaya a gindin ɗaya. Da aka tsaya a ƙofar lambu ta dube ni, ta dubi ƙeyar surukinta, ta fito.

Ta tsaya ta ƙare wa tafkin kallo. "Wannan ai kududdufi ne aka yi wa wanka," in ji ta. "Ina gidajen?"

Na nuna mata da haɓa. Alhamdu lillahi, wurin a cike yake, tabarmi kamar ranar idi. Na ce, "Ga su nan."

"Tabarmi."

"E, Inna."

"Ni za ki raina wa hankali? Na baro gidana na hau jirgi, ki kawo ni in ga mutane suna cin abinci a waje kamar waɗanda gobara ta kora?"

Maigidana ya shimfiɗa tabarmarmu da sauri, ya ce zai je ya duba ko ya kulle mota. Motar da ya kulle a gabanmu. Inna ta zauna ta juya min baya. Wani jirgi ya wuce ta samanmu, na bi shi da ido, na ji hawaye yana neman zubo min, na haɗiye shi don haushi ya fi shi ƙarfi.

Can sai ta miƙe ta gyara mayafi. "Tashi. Tunda kin ce gidaje ne, za a shige su yadda ake shiga gida. In ga wanda zai amsa."

Na san nufinta. So take in ji kunya a bainar jama'a, in haɗa kayana da hannuna ba tare da ta sake cewa komai ba. Ta goya yarinyar da kanta, ta miƙa min ledar cincin, ta yi gaba.

A bakin tabarmar 'yan Indiya ta tsaya. Ba ta taka ba. Ta cire takalmanta ta jera su a kan ciyawa, ta ɗaga murya kamar tana zauren gidan malam, "Salamu alaikum, masu gida!"

Mutanen suka ɗago a firgice. Sai nas ɗin ta hango ni a bayan Inna, ta hango ɗan kan da ya leƙo daga goyo. Ta yi wata ƙara ta watsar da cokalin hannunta ta taso. Mijinta ya amsa sallamar cikakkiya har da wa barakatuhu, ya kwashe yara gefe ya ba mu wuri. Matar ta karɓi yarinyar, ta duba idonta, ta duba cibiya, aikin dai ba ya barin mai shi, tana ta yi min faɗa da Turanci wai me ya sa ban aiko an gaya mata ba. Ta cire ɗan bargon da ta rufe autanta da shi ta naɗe min 'ya. Inna tana zaune a miƙe tana kallo, aka tura mata shayi mai madara da wani abu soyayye mai yaji. Ta daure ta cinye, ta ajiye ledar cincin ɗaya, ta ce, "Mu je gaba."

Ba mu kai ga 'yar Ghanan ba ita ta iso mu. Tun daga nesa take rangaɗa guɗa, masu gudun motsa jiki suna waiwaye. Ta durƙusa har ƙasa ta gaida Inna da Hausarta ta Zango, wadda mace ma "kai" ake ce mata.

"Hajiya, sannu da zuwa! Ka zo lafiya? Wallahi 'yarka ya ɓoye mana, mun yi fushi!"

Inna ta so ta daure, dariya ta ƙwace mata. Ta bi ta har tabarmarsu, ta cire takalmi, ta yi sallama duk da mai gidan tana riƙe da hannunta. Matan suka yi ta karɓar yarinyar hannu zuwa hannu, ana Allah ya raya, ana wa ta ɗebo, wata ta ce hancin uban ne sak, Allah ya sa ta fi shi magana. Aka cika min jaka da sabulu da man shafawa, abin da kowace ta samu a jakarta.

Daga nan ne abin ya fi ƙarfina. Inna ta saki jiki, ƙafarta ta buɗe. Ina tsaye ina sa takalmi, kafin in ɗago ta riga ta tsaya a bakin wata babbar darduma, ta mutanen da ban taɓa gani ba. Larabawan ƙasar ne, mata zalla da 'yan aikinsu, da wata tsohuwa a kan kujera mai ninkewa, sanye da ɗan abin rufe fuskar nan nasu mai ƙyalli. Mu da su gaisuwa ce daga nesa, in ma an yi.

Na ruga na kama gefen mayafinta. "Inna, ba mu san su ba!"

Ta fizge. "Waɗancan da kika sani, ciki ɗaya kuka fito?"

Ta yi sallamarta, ta kwance goyo, ta ɗora wa tsohuwar jaririya a cinya. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Tsohuwar ta dubi abin da aka ɗora mata, ta dubi Inna, sai ta ce, "Masha Allah, tabarakallah." Ta sunkuya ta yi addu'a mai tsawo a kan yarinyar, ta sa aka miƙo mata wata 'yar kwalba ta shafa turare a bargon. Aka kawo dabino, aka zuba wa Inna gahawa a ɗan mitsitsin kofi.

Inna ba ta barin abin da aka ba ta a gidan mutane, ta shanye. Aka ƙara, ta shanye. Su kuma a al'adarsu ba a daina zuba wa baƙo sai ya girgiza kofin. Ana zubawa tana shanyewa, fuskarta tana ƙara tsukewa, har ta juyo ta ce min a hankali, "Ke, wannan abin nasu ba sukari, kuma ba ya ƙarewa." Na kama hannunta na girgiza mata kofin. Matan suka fashe da dariya, tsohuwar har da share hawaye. Inna ta ajiye musu dambun nama ta fito da ƙamshin turarensu a jikinta, tana tafiya kamar ita ta haƙa tafkin.

Rana ta yi sanyi lokacin da muka isa wajen Habboba. Tana zaune a wurinta kusa da ruwa, naɗe da lafaya, ƙafafu a miƙe saboda ciwon gwiwa. Ba ta yi ihu ba. Ta buɗe hannuwa kawai, na durƙusa na sa mata yarinyar. Ta daɗe tana kallonta, leɓenta yana motsi. Sannan ta ɗora tafin hannunta a bayana, daidai inda ta taɓa ɗora shi, ta ce, "Alhamdu lillah, ya bitti." 'Yata ke nan take ce min. Nan kam hawayen da na haɗiye ɗazu ya samu hanya.

Inna tana kallon hannun nan. Ta ce, "Kin san gidanta?"

"A'a."

"Ta san naki?"

"A'a."

Ta ce, "Tambaye ta. In kin mutu a garin nan, wa zai wanke ki."

"Inna! Yanzu fa muka zo da jaririya."

"Na ce ki tambaye ta."

"Wallahi ba zan iya ba. Ai sai ta ce ba mu da hankali."

"To shi ke nan," in ji Inna, ta fara laluben takalminta.

Ban taɓa jin wanda aka sa ya yi tafintan mutuwarsa ba sai ni. Na tattaro ɗan Larabcina na cinikin atamfa da kifi, na haɗa da hannu, na nuna kaina, na nuna kwanciya, na nuna zuba ruwa. 'Yar Habboba ta dafe ƙirji tana a'uzu billahi. Ita kuwa tsohuwar ko gezau. Ba ni ta kalla ba, Inna ta kalla, ido cikin ido, kamar dama ta san da wannan tambayar aka zo. Ta bugi ƙirjinta ta ce, "Ana." Ta ƙara wata magana, 'yarta ta maimaita min a hankali har na gane.

Na ce, "Inna, ta ce ita. In kuma ta riga ni, wai ni in wanke ta."

Inna ta saki takalmin. Ta miƙa hannu, tsofaffin nan biyu suka riƙe juna, ba mai jin yaren wata. Can ta ce min, ba tare da ta dube ni ba, "Karɓi lambar 'yarta. Kuma kafin in tafi ki kai ni gidan. Zumunta a ƙafa take, ba a ciyawa ba."

Aka kira magariba, muka yi sahu a kan tabarmar Habboba. Da muka koma wurinmu maigidana yana tsugune can gefe, ya gama duba motarsa. Inna ta zauna ta fuskanci tafki, ta yi magana da iska yadda ta saba in da shi take.

"A gaya wa mai gidan nan, kujera ɗaya ta ishe ni a jirgi."

Ya ce, "To, Inna. Allah ya ƙara girma." Ya tashi wai zai sayo ruwa, ga ruwa cike da kula.

Mun je gidan Habboba kafin Inna ta tafi, muka ci gaba da zuwa bayan ta tafi. Yarinyar a kan ciyawar lambun nan ta koyi tafiya, daga tabarma zuwa tabarma, kowa yana cusa mata abu a baki. Ina alfahari da wannan, ba na ɓoyewa. Na zo garin da maƙwabci ba ya buɗe ƙofa, na yi dangi a filin Allah.

Sanyin bara 'yar Habboba ta kira ni da hantsi. Ina jin muryarta na san Habboba ta cika, na ɗauki mayafi. A wurin da ake shirya mamata akwai matan da aikinsu ke nan, amma suna barin na jiki su shiga. Aka tambayi 'yar ko ni wace ce, ta ce 'yar'uwarta ce. Ban taɓa wankan gawa ba sai ranar. Da muka juya ta na ɗora tafina a bayanta, na bar shi ya ɗan jima.

Da na fito na kira Kano. Na ce, "Inna, Habboba ta riga ni. Na je."

Ta yi salati. Sannan ta ce, "Kin fara da dama?"

Na ce, "Na fara da dama, Inna."

Ta ce, "To. Allah ya yi miki albarka."